Asibitin haƙorin da ke auna tsoro kafin ya duba baki

Idan kana cikin waɗanda gabansu ke faɗuwa da zarar an ambaci likitan haƙori, wannan asibiti mai zaman kansa da na je a Kaduna ya cancanci yabo, duk da akwai wuraren da suka ba ni haushi. Turmina na ƙasa ne ya yi kogo. Na yi ta lallaɓa shi da kanumfari da maganin kemis har kumatu ya kumbura, sannan na kai kaina.

Bayan an yanki kati, sai aka miƙo mini takarda mai tambayoyi 5, wadda ake kira MDAS, ma'aunin tsoron ganin likitan haƙori. Yaya za ka ji idan gobe ne za ka ga likita? In kana zaune kana jiran layi fa? In za a gurza haƙorin da inji, ko a wanke shi, ko a yi maka allura a dasashi? Kowace amsa maki 1 zuwa 5 ne, jimilla mafi yawa 25, kuma daga 19 zuwa sama ana ɗaukar mutum mai matsanancin tsoro. Gerry Humphris da abokan aikinsa ne suka fitar da ita a 1995, gyaran wadda Norman Corah ya tsara a 1969. Da ita aka yi binciken haƙoran manya na 2009 a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa, inda kashi 12 cikin 100 suka kai wannan mataki, mata sun fi yawa. Nawa makin ya haura 19, ni da na shigo ina taƙama da babbar riga.

Amfanin takardar a ɗakin jira na gane shi. Kaduna ce, kowa da kowa na nan. Wata 'yar kabilar Ibo tana riƙe da muƙamuƙi tana addu'a da ƙarfi, ba ruwanta da wanda ke kallo. Wani Bayerabe ya tsare nas da tambayoyi da barkwanci, dariyarsa ta yi yawa har ka san ba ta lafiya ba ce. Ga wani dattijon Bafulatani a gefe, ya miƙe zaune, fuska ko gezau, alhali ƙafarsa ɗaya sai kaɗawa take ƙarƙashin benci. Mutumin da ya tashi inda ake shan bulalar sharo ana murmushi, ta yaya zai ce wa nas sa'ar 'yar cikinsa allura yake tsoro? Mu kuwa Hausawa, a tambaye mu sau goma, amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, Alhamdulillahi."

Da a fuska ake karantawa, da an ce matar nan ta fi kowa tsoro, dattijon kuma ba ya jin komai. Likitar, wata mata mai sanyin magana, ta ce mini ita ta daina yarda da fuska, domin waɗanda suka fi sume mata a kujera samari ne majiya ƙarfi da suka ce ba komai. A ganina abin da ƙabila ke canzawa shi ne yadda ake nuna tsoron, da irin labarin da aka tsoratar da kai da shi tun kana yaro. Gwaggona har gobe ta yi imani cire haƙorin sama yana taɓa ido, kuma ba gaskiya ba ne.

Ta kuma tambaye ni ko a waje ma ina fama da fargaba: rashin barci, yawan zullumi, bugun zuciya ba dalili. Na ce ina yi. Ta ce to gara da na faɗa, domin allurar kashe zafin, lidoken, tana haɗe da ɗan adirenalin da ke tsuke jijiyoyin jini don maganin ya daɗe a wurin, kuma yakan sa zuciya ta yi gudu na 'yan mintoci. "Malam, in ka ji haka kada ka ɗauka mutuwa ce ta zo. In kana so in tsaya, ɗaga hannun hagu." Haka kuwa aka yi. Zuciyata ta buga, yatsuna suka yi rawa, na ɗaga hannu, ta ajiye kayan aiki ta jira ba tare da tsaki ba. Kafin allurar ma sai da ta shafa wani man da ya kashe fatar dasashin. Cirewar kanta dannawa ce da ƙara a cikin kunne, zafi babu. Ba ranar farko aka cire ba, sai da kumburin ya sauka, domin a cewarta allura ba ta kamawa sosai a wurin da ya yi ruwa.

Yanzu ga ƙorafina. Takardar nan mai kyau da Turanci kawai take. Dattijon bai iya karantawa ba, sai nas ta tsaya a kansa tana fassara masa da ƙarfi a gaban jama'a, shi kuwa kowace tambaya sai ya ce ba ya tsoro. Me aka auna ke nan? Fassara tambayoyi 5 zuwa Hausa da Fulfulde ba aikin shekara ba ne, kuma a ja mutum gefe a tambaye shi ba ya cin kuɗi. Ita nas ɗin har cewa ta yi, wai mu sai haƙori ya ruɓe muke zuwa. Ko da gaskiya ne, ba a faɗa wa mai ciwo.

Bangon da ya raba ɗakin jira da ɗakin aiki kuma katako ne, kukan injin gurza yana shigowa tar. Kuɗin hoto da na magani ba su cikin farashin da aka fara gaya mini, sai a wurin biya na gani. Bayanin bayan cirewa dai sun yi shi dalla-dalla: a cije auduga, ban da kuskure baki da tofar da yawu a ranar, washegari a fara ruwan ɗumi da gishiri. Wanda zai je ya ci abinci tukuna, ya nemi layin safe, kuma ya sa a rubuta masa jimillar kuɗin kafin ya hau kujera.