ePing: ƙararrawar da ke sanar da kai kafin a sauya dokar kasuwa

Yawancin kayan gonar da ake mayar mana da su daga Turai ko Japan ba haraji ne ke tare su ba, ƙa'idojin lafiyar abinci ne: yawan ragowar maganin ƙwari, gubar fumfuna, yanayin buhu da rubutun jikinsa. Dokar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, ta wajabta wa ƙasar da za ta kafa sabuwar ƙa'ida mai tasiri ga ciniki ta sanar da sauran tun tana daftari, a kuma ba su lokacin faɗar ra'ayi, galibi kwana 60. Waɗannan sanarwoyi suna haura dubu biyar a shekara. ePing ita ce matatar da ke ware maka naka daga cikin wannan tulin. WTO da Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, ITC, da sashen tattalin arziki na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar da ita a 2016, aka sabunta ta a 2022. Kyauta ce, a eping.wto.org, akwai kuma manhajar waya.

Rajista ba ta da wahala: imel, ƙasa, da irin aikinka. Inda ake yin kuskure shi ne wajen saita tacewa. Mai riɗi a Dawanau ko Maigatari zai sa lambar kwastam 120740, mai citta a Kachia 0910, mai ƙaro 130120, mai wake 0713. Daga nan sai ya zaɓi ƙasashen da yake kai kaya, ya zaɓi saƙo kullum ko mako-mako. Na kullum ya fi, domin kwana 60 ba su da yawa. Amma kada a dogara da lamba kaɗai. Ƙasashe da dama kan aiko sanarwa ba tare da cike gurbin lambar ba, wasu kuma sukan rubuta "kayan abinci" kawai. Doka a kan wani maganin ƙwari tana iya shafar riɗi ba tare da an ambaci riɗi ko sau ɗaya ba. Don haka a buɗe tacewa ta biyu da sunayen magungunan da manoma ke fesawa, irin su chlorpyrifos, wanda Tarayyar Turai ta sauke iyakarsa zuwa miligiram 0.01 a kowane kilo a 2020. Wannan adadi kusan yana nufin kada a gan shi kwata-kwata.

Kowace sanarwa tana da lamba irin G/SPS/N/JPN ko G/TBT/N/EU, wato nau'in yarjejeniya (SPS ta lafiyar abinci, dabbobi da tsirrai, TBT ta ƙa'idojin fasaha) da ƙasar da ta aiko. Gurbi uku ya kamata ido ya fara sauka a kai: kayan da abin ya shafa, ranar rufe karɓar ra'ayi, da ranar fara aiki.

A nan ne amfanin ePing ya wuce na ɗan kasuwa ɗaya. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ba ta iya ajiye lauyoyi ashirin a Geneva, amma tana iya aika takarda shafi biyu cikin kwana 60 ta nemi hujjar kimiyya, ko ƙarin lokaci. Shawarar ministoci ta Doha a 2001 ta ce a bar aƙalla wata shida tsakanin buga doka da fara aiki da ita, in ba lalurar gaggawa ba. Idan amsa ba ta gamsar ba, ana ɗaga batun a kwamitin WTO da ke zama sau uku a shekara. Haka Ekwado da Peru suka yi ta yi kan iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa sinadarin cadmium a cakulan, kuma duk muhawarar tana cikin ePing, wanda ya iya karatu zai ga yadda ake gina hujja. Wannan rumbu shi ne ɓangaren da aka fi yin sakaci da shi, kuma a ganina ya fi komai daraja ga jami'an gwamnati.

Sai dai ɗan kasuwa ba ya aika ƙorafi kai tsaye a madadin ƙasa. Dole ya bi ta ofishin tuntuɓa na ƙasarsa, wanda a Najeriya hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ce ke riƙe da na ƙa'idojin fasaha. Akwai zauren tattaunawa na cikin gida a manhajar, amma in babu jami'in da ke duba shi, magana ta mutu a nan. ePing ba ta iya gyara wannan, kuma shi ne babban raminmu.

Sauran naƙasunta a bayyane suke. Taƙaitawar tana zuwa da Ingilishi, Faransanci ko Sifaniyanci, wanda ya yi wa 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram daidai, amma cikakkiyar dokar kan zo da harshen Japan, Sin ko Fotugal. Sanarwar gaggawa tana isowa ne bayan doka ta fara aiki. Sharuɗɗan manyan kantuna irin GlobalG.A.P. ba sa ciki, domin ba na gwamnati ba ne. Kuma ba ta nuna kayan da aka kama a iyaka. Dakatar da busasshen waken Najeriya da Tarayyar Turai ta yi a 2015 ya biyo bayan kama dichlorvos, sinadarin fiya-fiya, sau da dama a cikin kayan, irin wannan alama kuwa a RASFF, tsarin gargaɗin gaggawa kan abinci na Turai, ake ganinta. Mai fitar da kayan abinci yana buƙatar su biyun.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa shi kaɗai, saƙonnin za su yi masa nauyi. Wadda ta fi dacewa da ita ita ce ƙungiyar masu fitar da riɗi, zoɓo ko citta da za ta ware mutum ɗaya ya riƙa karantawa kowace safiya, ya mayar da abin da ya shafe su Hausa, ya kai wa dillalai da masu sito, sannan ya miƙa ra'ayin ƙungiya ga ofishin tuntuɓa kafin kwana 30 su wuce, domin ma'aikata ma tana buƙatar nata lokacin.