Dala, Kusugu ko Surame: wanne ya fi tayar da tsigar jiki?

Malam, ka tambaya cewa kana Kano da hutun kwana biyu, kana son zuwa wurin tarihin da ake ba da labarin aljanu ko abin tsoro a kansa, kuma tsakanin Dutsen Dala, rijiyar Kusugu da kufan Surame ka rasa na zaɓa. Ukun ba tafiyarsu ɗaya ba. Dala ya fi nauyin labari, Kusugu ta fi sauƙi da tsari, Surame kuwa shi kaɗai ne mutum zai tsaya a ciki ya ji jikinsa ya yi sanyi ko da ba a gaya masa komai ba.

Mu fara da Dala, tunda yana ƙofar gidanka. Tarihin Kano ya kawo cewa Barbushe, shugaban matsafan Dala na zamanin da, a saman dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Idan ranar ta zo, jama'a su taru daga ko'ina, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, a kai wa Tsumburbura, abin bautarsu. Wurin tsafin wata itaciya ce da aka kewaye da katanga, Barbushe kaɗai ke shiga, kuma an ce duk wanda ya ƙetara ba shi ba, ajalinsa ya je nema. A ƙarni na 14 Sarki Tsamiya ya rushe wurin. Don haka kada ka hau da tsammanin ganin ɗakin tsafi ko gunki. Abin da za ka tarar shi ne matakala 101, jar ƙasa da zaizaya ta ci gefenta, da fili a sama, a tsayin mita 534 daga matakin teku. Daga can Goron Dutse na gabanka, ga koren tulluwar babban masallacin Juma'a, ga rufin gidajen cikin birni har iya ganinka.

Kuskuren da baƙi suka fi yi a Dala na lokaci ne. Masu neman tsoro kan jira magariba, alhali a sa'ar abin gudu ba aljani ba ne, masu shaye-shaye ne da masu ƙwacen waya, ga duhu a kan matakala. Ka hau bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, kafin hayaniyar A Daidaita Sahu ta tashi. A wannan shirun ne labarin Barbushe ke zama a zuciya. Watan Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, domin daga Disamba hazon hunturu kan rufe birnin, ka sha wahalar hawa ka ga fari fat. Ku je ku biyu ko uku, ku yi sallama da mutanen unguwa a gindin dutsen, kuma kada ka matsa baki-baki don ɗaukar hoto, ƙasar gefen tana zabgewa. Awa ɗaya ta isa.

Kusugu akasin haka ce: labarin na tsoro, wurin na kwanciyar hankali. Kowa ya san macijin nan mai suna Sarki da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ya je da dare ya sare kansa, Daurama ta aure shi. Yau an yi wa rijiyar gini a tsakiyar gari, akwai mai kula da ita da zai ba ka labari ya miƙo maka guga ka ja da hannunka. Leƙa ciki ka ga duhun ruwan, nan ne kawai gabanka zai ɗan faɗi. Daga Kano ta Kazaure tafiyar awa biyu ce ko da ɗoriya, ana zuwa a dawo a yini. Ka riƙi canji don ihsani, ka riƙe hannun yara a bakin rijiyar, ka kuma taho musu da ruwan sha daga gida. In kana son ganin Daura a cike, ka daidaita zuwanka da Sallar Gani a watan Maulidi. In shiru kake so, ka guje mata.

Surame ne ke buƙatar dogon bayani. Birnin Muhammadu Kanta ne, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa Kabi. An bar shi wajajen 1700, sarauta ta koma Birnin Kebbi. Yana yankin Binji a jihar Sakkwato, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 9, an sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964, kuma tun 2007 yana jerin wuraren da ke jiran UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya su cikin kayan tarihi na duniya. Ganuwarsa ta dutse ce, ba ta ƙasa irin ta Kano ba, shi ya sa har yau take tsaye wuri-wuri. Dala birni ya haɗiye shi, Kusugu an killace ta, amma Surame kufai ne na gaske. Ka yi tafiya mai nisa a gefen ganuwar da dubban hannaye suka jera, ba kiran sallah, ba kukan yaro, sai iska da tsuntsu. Bahaushe kuwa tun yana ƙarami aka gaya masa su wane ne ke tarewa a gidan da mutane suka tashi.

Sai dai a nan haɗarin na zahiri ne, kuma ba ma so ka ɗauke shi da wasa. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Kada ka kama hanya sai ka tambayi mutanen Sakkwato halin da ake ciki a wannan makon, ba na watan jiya ba. In an ce akwai lafiya, ka fara da gaida mai gari, ya haɗa ka da ɗan jagora, don filin na da faɗi kuma sarƙaƙiya ta rufe wasu hanyoyin. Ka sa takalmi rufaffe da dogon wando, kada ka zura hannu a tsakanin duwatsu ko ka ɗaga su, maɓoyar kububuwa da kunama ke nan. Kowane mutum ya ɗauki aƙalla lita 3 na ruwa, domin daga Maris zuwa Mayu zafin kan wuce digiri 40. Da damina ƙaramar mota na iya maƙalewa. Ka shiga da hantsi, ka fito kafin la'asar. Ko tsingaro kada ka saka a aljihu, kayan tarihi ne da doka ta kare. Addu'ar sauka a wuri, "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", ta wadatar a duk ukun, ba sai an nemi laya ba.

Da kwana biyunka, mu dai shawararmu ita ce Dala da sassafen ranar farko, Daura a rana ta biyu, musamman in da iyali za ka. Kano zuwa Sakkwato kaɗai kan cinye yini, saboda haka Surame sai ka ware masa kwana uku da sanyin Nuwamba, ranar da mutanen Binji da kansu suka ce maka hanya ta yi kyau.