Hattara da mai sayar da ruwan cire fenti da ke narkar da roba

'Yan'uwa masu haɗa ƙananan jirage da tankokin yaƙi da motoci na roba, ku yi hattara. Akwai wani mai talla a intanet da ke sayar da wani ruwa a farar kwalba, babu sunan kamfani, babu bayanin abin da ke ciki. Wai yana cire kowane irin tsohon fenti cikin minti biyar, kuma ba ya taɓa roba. Ƙarya yake yi. Na saya, ya ci mini jirgin da na shafe wata uku ina haɗawa.

Spitfire ne, jirgin yaƙin Birtaniya, mai ma'aunin 1/48, wato an rage girman na gaske sau 48. Fentin da na yi masa da farko ya yi kauri har ya binne siraran layukan jikinsa, shi ya sa na so in wanke in sake. Na zuba ruwan a kwano na tsoma fiffike ɗaya. Ko minti biyu ba a yi ba ya yi laushi kamar cingam, da na ɗago shi sai ga shatin yatsana a jiki. Gilashin roba na ɗakin matuƙi kuwa ɗigo ɗaya ne ya fallatsar masa, ya yi fari fat, ba a ganin komai ta ciki. Wallahi har yanzu abin na yi mini ciwo.

Warin ne ya tona masa asiri. Asiton ne, irin wanda ake goge jan farce da shi, an gauraya da tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fenti. Yawancin waɗannan kayan namu da robar folistirin ake yin su, ita kuwa ba ta ga maciji da asiton. Ai ko gam ɗin Tamiya Extra Thin da muke haɗa sassa da shi akwai asiton a ciki, aikinsa ke nan, ya ɗan narkar da bakin robar su manne. To ina ga an tsoma jirgi sukutum a ciki?

Da na koma na sake kallon bidiyon tallar, sai na gane dabararsa. Ɗan mutum-mutumin sojan da ya jefa a kofin ruwan na ƙarfe ne, har ƙararsa ana ji, ƙwal! Ƙarfe kuwa ko kwana ya yi a asiton babu abin da zai same shi. Na tura masa hotunan ɓarnar, ya ce robata ce marar kyau. Na nemi kuɗina, ya toshe ni. Bayan 'yan kwanaki na ga kwalbar nan dai da bidiyon nan dai a wani shafi mai sabon suna.

Abin takaici, ba ma buƙatar kayansa. In fentin akirilik ne, sinadarin IPA (isopropyl alcohol) mai ƙarfin kashi 91 zuwa 99 da tsohon buroshin goge baki sun wadatar. In na mai ne irin na kamfanin Humbrol, a fesa masa kumfar wanke oben mai kostik soda, a ɗaure a leda ya kwana, amma da safar hannu, a kuma kare ido, don tana ƙona fata. Wasu na amfani da man birki, ni dai ba na so, yana sa roba ta riƙa tsagewa daga baya. Kowanne za ka gwada, fara jefa guntun sandar robar da ka ciro sassan daga jikinta, ka ba shi awa guda. Da na yi haka, da jirgina na nan.

Wanda ya riga ya sayi kwalbar, don Allah ya rufe ta sosai, ya nisanta ta da wuta da yara, kada ya tuttular a magudanar ruwa. Ku kai ƙarar shafin, ku kuma tura wannan ga sababbin shiga, don su ya fi nema.