Matsafa su mulki kansu, ko a ɗora musu masu gadi? Ars Magica da Dragon Age gefe da gefe

Ɗan'uwa, ka ce kana shirya wasan labari na tebur, kai ne mai jan labarin, kana son kafa ƙungiyar matsafa mai dokokinta, amma ka rasa ko ka bar su su mulki kansu ko ka ɗora musu wata hukuma daga waje. Akwai wasanni biyu da suka riga ka shiga wannan kogi, kowanne kuma ya fita ta gaɓa daban. Ɗaya shi ne Ars Magica, wasan tebur da Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen suka fara fitarwa a 1987, wanda bugunsa na biyar ya fito daga Atlas Games a 2004. Ɗayan kuma Dragon Age ne na kamfanin BioWare, wanda ya soma a kwamfuta a 2009, daga baya Green Ronin ya yi masa na tebur.

Kafin ka rubuta doka ko guda, ka tambayi kanka wa ake tsoro a duniyar taka. A Ars Magica matsafi ne ke tsoron matsafi ɗan'uwansa. A Dragon Age jama'ar gari ce ke tsoron matsafi. Daga nan komai ya rabu.

Ars Magica a Turai ta shekarar 1220 yake gudana, Turai ɗin da duk abin da mutanen lokacin suka yi imani da shi gaskiya ne. Mai baiwar sihiri yana da wata matsala: duk wanda ya kusance shi, mutum ko dabba, sai ya ji ransa bai kwanta da shi ba, har da matsafi irinsa. Shi ya sa a dā ba sa haɗuwa sai a kashe juna a kwashe littattafai. Sai wani matsafi mai suna Bonisagus ya ƙirƙiro wata garkuwa, Parma Magica, mai tare sihirin wani, mai kuma kawar da wannan ƙyamar. Wata matsafiya, Trianoma, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana lallashi da barazana, har aka kafa Ƙungiyar Hermes a 767 a Durenmar, cikin Baƙin Daji na ƙasar Jamus. Dokar tasu yarjejeniyar ajiye makami ce tsakanin mutanen da kowannensu zai iya rushe gari. Rantsuwar da kowa ke yi gajeriya ce. Ba zai raba ɗan ƙungiya da ƙarfin sihirinsa ba, ba zai kashe shi ba, ba zai leƙa sirrinsa da tsafi ba. Ba zai ƙulla da shaiɗanu ba, ba zai tsokano aljanun daji ba, ba zai tsoma baki a harkar mutanen gari ta yadda zai jawo wa 'yan'uwansa bala'i ba. Zai horar da almajirai, zai kuma bi hukuncin majalisa, inda yake da ƙuri'a ɗaya kamar kowa.

Ka sake duba maganar mutanen gari, domin nan daɗin yake. Ba a ce kada ka taɓa su ba. An ce kada taɓawar ta jawo wa 'yan'uwa bala'i. Matsafin da ya ƙone gonar wani talaka ba wanda ya gani, bai karya rantsuwa ba. Wanda ya yi wa ɗan wani bishop magani don Allah, maganar ta bazu har aka turo masu bincike mazauninsu, shi ne zai tsaya gaban majalisa. Rashin adalci ne ƙarara, kuma da gangan aka gina shi haka, don 'yan wasa su samu abin jayayya.

A Dragon Age asalin dokar daban ne. Matsafi a can yana jawo ƙarfinsa daga duniyar mafarki, inda aljanu ke zaune suna neman jikin da za su shiga. Yaro ɗan shekara goma mai baiwa, in aljani ya hau shi, zai iya gamawa da ƙauye a dare ɗaya. Ga kuma tarihin daular Tevinter, inda matsafa suka yi mulki da bayi da tsafin jini. Don haka majami'ar duniyar, Chantry, ta koyar cewa an yi sihiri ne don ya yi wa mutum hidima, ba don ya mulke shi ba, ta tattara matsafa a hasumiyoyi da ake kira Da'ira. Da zarar baiwar yaro ta bayyana sai a ɗauke shi daga iyayensa, ko da ɗan sarauta ne, gadon kuma ya wuce shi. Ranar da ya shiga za a ɗibi jininsa a kwalba a ajiye. In ya gudu, da wannan jinin dakarun majami'ar masu gadin matsafa, wato Templa, za su bi sawunsa. Wanda duk ke sihiri a wajen ikon Da'ira ɗan tawaye ne, ko bai cuci kowa ba.

A takarda, Da'ira tana da shugabancinta. Kowace hasumiya tana da babban malami, akwai shugaban malamai na gaba ɗaya, suna taro a birnin Cumberland, har jam'iyyu gare su: masu biyayya ga majami'a, masu neman 'yanci, masu tsaka-tsaki, da waɗanda kuɗi kawai ya dama. Amma makullin ƙofa yana hannun kwamandan Templa. Babban malami zai iya yin gardama, zai iya rubuta ƙorafi, ba zai iya hana takobi sauka ba.

Majalisar Hermes ita ce abin da na fi so ka tsaya ka kalla, don ita ce ta fi wuyar ƙirƙira daga kai. An raba Turai yanki 13, kowane yanki yana zama duk bayan shekara 7, babban taron kowa da kowa kuma duk bayan shekara 33 a Durenmar. Matsafin da ya fi kowa tsufa a yankin shi ne ke shugabantar zama, shi ke jera abin da za a tattauna, yana iya rufe wa mutum baki. Alƙalan bincike, yawancinsu 'yan gidan Guernicus, ɗaya daga cikin gidaje 12 na ƙungiyar, su ke tono laifi su kuma tabbatar an bi ƙa'ida, amma ba su ke yanke hukunci ba. Ƙuri'a ce ke yankewa. Kowane matsafi yana da tambarin ƙuri'arsa, yana iya ba wani ya jefa masa. To a nan siyasa take shigowa. Gidan Tremere, manyansa ke riƙe tamburan ƙananansa, sai ka ga mutum ɗaya ya tashi da ƙuri'u fal aljihu. Mai laifin da ke da abokai da ɗanyen sihirin da suke kira vis, wanda shi ne kuɗinsu, yakan fita da tara kawai. Marar kowa yakan rasa ransa a kan abin da bai kai wannan ba. Hukunce-hukuncen da aka tara tsawon ƙarni huɗu da ɗori su ma sun zama doka, kuma yankuna sun sha bamban: a Normandi gasa ake yi a kan maɓuɓɓugan vis, a Rhine kuma matsafa hawa-hawa ne, manya sun fi ƙanana nauyin murya. Ɗan wasa mai son tono tsohon hukunci don ya kuɓutar da kansa zai samu aikin yi har ya gaji.

Wani abu da Hermes ta yi, wanda sababbin masu ƙirƙira kan manta, shi ne ta bar wa gaba ƙofar fita. In saɓanin ƙarami ne, akwai karawar sihiri da ba a mutuwa a cikinta, wanda ya yi nasara maganarsa ta tsaya. In kuwa abin ya kai ga jini, akwai yaƙi halastacce: ka aika wa abokin gabarka sanarwa ta isa gare shi daren da wata ya cika, a jira cikar wata na gaba a fara, a tsaya a cikar na bayansa. A cikin wannan wata guda, ka kashe shi ba ka da laifi. Ka yi kwana ɗaya da wuri, kai ne za a farauta. Da'ira ba ta da irin wannan ko kusa. Matsafin da aka zalunta a can ba shi da inda zai kai kuka sai wurin waɗanda suka zalunce shi, sai gudu, sai tsafin jini, wanda shi ne ainihin abin da aka kulle shi don gudunsa.

Hukuncin ƙoli a Hermes kora ce, kuma kora tana nufin mutuwa. An cire ka daga kariyar doka, kowa na iya farautarka, kayanka kuma na waɗanda suka kashe ka ne, abin da ke sa wasu son ganin an kori mai dukiya. A 961 an kashe shugabar gidan Tytalus kanta, Tasgillia, saboda hulɗa da shaiɗanu. Tsakanin 1003 da 1012 kuma aka yi yaƙin da ya shafe gidan Diedne gaba ɗaya, har yau littattafan wasan sun bar wa mai jan labari ya yanke ko sun cancanci haka. A Da'ira kisa ma ba shi ne mafi muni ba. Kowane almajiri sai ya shiga jarrabawar da ba a gaya masa sirrinta: a tura shi duniyar mafarki ya fuskanci aljani, Templa na tsaye a kan gangar jikinsa da takobi zare. Wanda aka ga ba zai iya ba, sai a yanke alaƙarsa da duniyar mafarki, a buga masa tambarin rana a goshi. Ba sihiri, ba mafarki, ba fushi, ba so. Yana tafiya, yana magana, yana ƙera kayan sihirin da Da'ira ke sayarwa ta ci abinci. In kuma aka ga hasumiya ta lalace baki ɗaya, akwai ikon shafe ta, yaro da babba, da izinin babbar limamiyar ƙasar.

Masu gadin ma ba 'yantattu ba ne. Templa suna shan wani ma'adinin sihiri, liriyum, don su iya danne sihiri, yana kama su kamar ƙwaya, majami'a ce kuma ke riƙe da cinikinsa. A Kirkwall, birnin wasa na biyu da ya fito a 2011, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi: kwamandar Templa, Meredith, ta matse Da'ira, ana buga tambarin goshi har ga waɗanda suka ci jarrabawa, abin da dokar majami'a ba ta yarda da shi haka kawai ba. A shekara ta 9:37 ta lissafinsu matsafi Anders ya tarwatsa majami'ar birnin, Meredith ta ba da umarnin shafe Da'irar da ba ita ta yi laifin ba, cikin shekara uku tsarin ya ruguje ko'ina. Ka lura da wannan, don yana gaya maka irin labarin da tsarin masu gadi ke haifarwa. Duk inda ka faro shi, wajen tawaye yake gangarawa. Labari ne mai ƙarfi, amma sau ɗaya ake ba da shi.

Akwai wani wuri da suka yi hannun riga, ba inda mutum zai zata ba. Hermes mai 'yanci ta haramta wa ɗanta zama matsafin fadar wani sarki, don kada sarakuna su ja su cikin yaƙe-yaƙensu. Da'ira mai kulle ita ce ke ba da aron matsafa ga fada da fagen yaƙi. Vivienne, matsafiya 'yar Da'ira, a fadar sarauniyar daular Orlais take, tana cin duniyarta da tsinke, shi ya sa take kare tsarin. Kada kuma ka ɗauka almajirin Hermes ya fi jin daɗi. Shekara 15 yake yi a hannun malaminsa, doka tana kallonsa kusan kamar kayan malamin, abin da kawai ta wajabta shi ne a koyar da shi wata uku a kowace shekara, kuma ɗan gidan Bonisagus na iya zuwa ya karɓe shi.

Ga nawa ra'ayin. In dukkan 'yan teburinka matsafa ne, kuma kuna shirin wasa mai tsawo, ɗauki tsarin Hermes. Yana ba kowane ɗan wasa ƙuri'a, da abokin gaba da ba zai iya kashewa cikin sauƙi ba, da taro mai zuwa da dole a yi masa tanadi: wa za a saya, wa za a kai ƙara, wace tsohuwar magana za a binne. In kuwa matsafi ɗaya ne ko biyu cikin ayarin mayaƙa da ɓarayi, majalisa za ta sa sauran hamma, gara Da'ira. Kwalbar jini guda a hannun hukuma ta isa ta ba ayarin duka abin gudu da abin sata, ba sai ka rubuta kundin doka ba.

Haɗa su ma yana yiwuwa, in ka yi hattara. Ka bar matsafan su yi mulkin kansu, amma bisa wata tsohuwar yarjejeniya da sarki ko majami'a wadda ake sabuntawa lokaci-lokaci, da sharaɗin in suka kasa hukunta nasu, masu gadi za su shigo. Sai ka buɗe wasan da shari'ar wani dattijo da kowa ya san ya yi laifi, wanda rabin majalisa ke cin bashinsa, shi ne kuma malamin ɗaya daga cikin 'yan wasanka, ga wakilin sarki zaune a bakin ƙofa yana jiran sakamakon ƙuri'a.