BMW ko Harley: wanne ya dace da ɗan sandan babur a zafin Makka?

Matashin Bahaushe ɗan ƙasar Saudiyya da ke son shiga Murur, wato 'yan sandan kula da zirga-zirga, zai tarar horon babur ba gudu ne ginshiƙinsa ba. Tafiyar hawainiya ake koyo: lanƙwasa a matsattsen wuri, yatsu a kan kuloci, da ɗaga babur in ya faɗi. A nan nauyi ke magana.

BMW R 1250 RT na kasuwa kilo 279 ne. Harley-Davidson Electra Glide kuwa ya haura 350. Ka ɗaga shi daga kwalta da azahar, ka ji a ƙugunka. Sai dai sirdinsa ƙasa-ƙasa yake, ko gajere ya tsaya a danja ƙafarsa na taka ƙasa sosai, ga kwarjini in ana rakiyar manyan baƙi.

Zafi ne ya raba min gardama. Injin Harley da iska ya dogara, to a cunkoson Mina lokacin aikin Hajji, inda ake rarrafe, cinya ke shan wuta. BMW ruwa na taya shi sanyi, ya kuma fi zafin nama a babban titin Jidda zuwa Makka. Ni dai shi zan ɗauka, ko da yake hukuma ke saye, kurtu ba ya zaɓe.