Lantarki a ka ko lantarki a harshe? Amsa ga mai fama da ƙugin kunne

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce shekara uku ke nan kunnenka na hagu yana ƙugi kamar kukan gyare, bayan ka daɗe kana aiki da injin niƙa, kuma ɗanka da ke Turai ya ce ka zaɓi na'urar da zai saya maka: wadda ake ɗaurawa a ka, ko wadda ake sawa a harshe.

Duka biyun ƙwaƙwalwa suke nufa, kuma da dalili. Ƙarar inji tana kashe wasu ƙananan ƙwayoyin ji a can cikin kunne. Idan saƙo ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta yi abin da muke yi wa rediyo in tasha ta ɓace, ta ƙure murya, sai shuuu ya fito.

Ta kan, sunanta tDCS. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗaure su a goshi ko saman kunne, a saki lantarki mai rauni, miliamfiya 1 zuwa 2, kamar minti 20. Ƙaramin batir ma yana iya ba ta wuta. Mutum yana jin ƙaiƙayi da ɗan tsira-tsira a fata, in an cire sai ka ga wurin ya yi ja. Masu bincike biyu, Nitsche da Paulus, su ne suka farfaɗo da hanyar a Jamus a 2000, an fara gwada ta a kan ƙugin kunne a 2006, daga baya Sven Vanneste da Dirk De Ridder suka yi ta gwaji a Beljiyam. Wasu marasa lafiya sun ce ƙarar ta lafa, amma yawanci na ɗan lokaci ne, gwaje-gwajen ƙanana ne, sakamakonsu kuma yana cin karo da juna. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da ita a matsayin maganin wannan ciwo ba. Waɗanda ake tallatawa a intanet su suka fi damuna, domin mutum shi kaɗai a ɗaki bai san inda zai ɗora soson ba, kuma in soso ya bushe yana ƙona fata.

Tana da 'yar'uwa mai aiki da maganaɗisu, rTMS, ta asibiti ce. Tun 2014 ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta ce kada a riƙa yi wa masu ƙugin kunne ita.

Ta harshen kuwa, Lenire, wani kamfanin Ayilan mai suna Neuromod ne yake yin ta. Ana sa abin sauraro a kunne, a ɗora wani ɗan fallen abu a bakin harshe yana tsirawa daidai da sautin, minti 30 sau biyu a rana, mako 12. Ta fi waccan hujja: an gwada ta a kan mutum 326, aka buga sakamakon a 2020, FDA kuma ta amince da ita a watan Maris na 2023. Sai dai a wancan gwajin kowa ya samu ta gaske, babu rukunin da aka ba na bogi don a auna, kuma abin da aka auna shi ne yadda ƙarar take damun mutum. Ba a ce tana ɗauke ta ba. Kuɗinta dubban daloli ne, sai ƙwararre ya auna jinka ya saita ta, sannan ya riƙa bibiyarka. Mai farfaɗiya, mai ciki da mai na'urar bugun zuciya ba sa amfani da ita.

In dole sai ɗaya, ta harshen ce. Amma ni, Malam, da kuɗin nan a hannuna yake, ba da ita zan fara ba. Ƙugi a kunne ɗaya kawai, ko mai tafiya tare da bugun zuciya, yana bukatar likita ya duba tukuna. Ka je sashen kunne na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a duba dattin kunne, a yi maka gwajin ji. Mai aikin inji sau da yawa jinsa ya riga ya ragu bai sani ba, kuma na'urar ƙara ji tana rage wa da yawa ƙugin. Kawuna haka ya yi. Da dare in ya cire ta, fanka yake kunnawa kusa da gado ya samu barci. Akwai kuma zaman koyon jure ƙarar da masana halayyar ɗan Adam suke yi, CBT, wanda hujjarsa ta fi ta na'urorin nan biyu ƙarfi.

Ranar zuwa asibiti ka tafi da sunayen magungunan da ka sha, musamman kwinin, allurar gentamicin ko asfirin mai yawa, domin su ma suna jawo ƙugi. In kuma har yanzu kana tsayawa a bakin injin, ka nemi abin toshe kunne tun gobe, ka kare na daman da ya rage maka.