Gargaɗi ga masu harkar kwamfuta da wasannin bidiyo a Zariya: yadda aka raba ni da N235,000

Assalamu alaikum. Yau kwana tara ke nan ina jinkirin rubuta wannan bayani, kuma kunya ce ta hana ni, domin ni ne wanda maƙwabta a Samaru suke kawo wa kwamfuta idan ta ƙi tashi, ni ne kuma nake gaya wa ɗalibai kada su biya kuɗin abin da ba su gwada ba. Amma jiya da daddare na ga mutumin da ya sayar mini da kayan kwamfuta na jabu ya sake saka talla a wani zauren WhatsApp da sabuwar lamba, da hotunan nan dai da ya jawo ni da su, har da jar dardumar da yake ɗora kayan a kai, sai na ga cewa shiruna taimako ne a gare shi. Naira dubu ɗari biyu da talatin da biyar ya karɓa daga hannuna: N95,000 na katin girafik (na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta), N140,000 na faifan ajiya. N235,000, kuɗin adashin da na yi wata biyar ina zubawa.

Ina da wata tsohuwar kwamfutar ofis ƙirar Dell OptiPlex da na mayar da ita sabar gida. A cikinta nake ajiye hotunan iyali, da karatuttukan malamai, da darussan yara, kuma na saka mata manhajar Jellyfin domin kowa a gidan ya kalli abin da yake so daga wayarsa ba tare da ƙona data ba. Ranar Asabar da daddare kuma ni da ƙanena mukan yi wasa a kanta. Katin girafik ɗin da nake nema shi ne GTX 1050 Ti, kuma ba da ka na zaɓe shi ba: kati ne da Nvidia ta fitar a 2016, yana da 4GB, ba ya cin wuta fiye da wat 75, saboda haka ƙaramar inbatar da nake da ita za ta iya ɗaukarsa, sannan yana da sashen da ke sauya tsarin bidiyo da kansa, wanda shi ne Jellyfin take buƙata. Ina faɗin wannan ne domin a san cewa na san abin da na je saye.

Mun haɗu da mutumin a wani shago a Sabon Gari wanda ya ce na abokinsa ne. Kafin wannan, ya kamata in faɗa, na taɓa sayen RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) mai 8GB a wurinsa, ya kawo mini har ƙarƙashin gadar Kwangila, kuma har yau tana aiki lafiya. Dubu tara ce kawai, har ya rage mini ɗari biyar ba tare da na roƙa ba. Yanzu na gane cewa wannan RAM ɗin ita ce tsabar da ake watsa wa kaza kafin a kama ta, amma a lokacin wane ne zai ce haka? Mutum ya sayar maka da kaya mai kyau, ya kira ka bayan kwana biyu yana tambayar ko ta yi aiki, yana ce maka Injiniya, yana gaishe da iyali. Duk wanda ya ce shi da ya gane tun daga nan, to bai faɗi gaskiya ba.

A shagon ya jona katin a wata kwamfuta, ya buɗe jerin na'urorin Windows, sunan ya fito ɓaro-ɓaro: GTX 1050 Ti, 4GB. Ya kunna wasan ƙwallo na minti kaɗan, hoto yana tafiya sumul. Faifan kuma, Seagate mai 8TB irin na manyan ma'aikatu, na ce sai na duba da kaina, na ciro filashina na buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ta nuna lafiyarsa ƙalau, awa 14 kacal ya yi yana aiki. Ni na duba, da manhajata, ba tasa ba.

Amma ga abin da yake hana ni barci. Da na juya katin a hannuna, na ga shuɗin ramin VGA, inda ake jona tsohon allo, a bayansa. Na gan shi da idona. Na kuma san cewa katunan wannan zubin sun daina fitar da hoto ta tsohuwar hanyar VGA, HDMI da DisplayPort da DVI kawai suke da su. Har na buɗe baki na tambaye shi. Ya yi murmushi ya ce, "Injiniya, ai wannan na kasuwar Asiya ne, can har yanzu suna amfani da tsofaffin allo, shi ya sa aka ƙara masa." Ina cikin juya maganar a raina sai aka kira sallar La'asar, ya miƙe ya ce mu je mu yi salla tukuna, ciniki ba ya gudu, ya bar jakarsa da wayarsa ɗaya a kan teburin ya ce ai babu komai. Muka yi sahu ɗaya, kafaɗata tana gogar tasa. Da muka dawo ban sake tayar da maganar VGA ba, domin na ji nauyin in tuhumi mutumin da muka gama salla tare yanzu-yanzu. Na ciro waya na tura N235,000. Sau nawa na maimaita wannan mintin a kaina, shuɗin ramin nan, murmushin nan, da yatsana a kan wayar, Allah kaɗai ya sani.

Mai shagon, da na koma ranar Talata, ya rantse cewa bai san shi ba, ɗari biyar kawai ya ba shi domin ya jona kaya ya gwada wa wani mai saye. A'a, ranar Laraba ce na koma, domin ranar Talata ce na kwana ina fama da direban katin, wato manhajar da ke sa Windows ya yi aiki da shi. Na sauko da sabon direba daga shafin Nvidia ya ƙi shiga, sai tsohon da mai kayan ya ba ni a faifan CD ne kawai yake karɓa. Na kira shi a daren, ya ɗauka, ya ce matsalar Windows ɗina ce, in sake saka ta. Wannan ne karo na ƙarshe da na ji muryarsa. Tun kafin nan ma, a daren Asabar ɗin da na kawo kayan, wasan GTA V ya riƙa mutuwa da zarar na ɗaga ingancin hoto, allon ya cika da layuka masu launi, amma na ɗora laifin a kan zafi da ƙura, na ce gobe zan share fankar.

Da na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin girafik, sai ga kalmar da ke nufin jabu a gaban sunan katin, kuma ƙwayoyin sarrafa hoto 192 ta ƙirga, alhali na gaskiya 768 yake da su. Na kwance ƙarfen sanyayawar na goge man da ke kai, na ga an kankare lambar da ke jikin guntun (chip ɗin da ke tsakiyar katin). GTS 450 ne, katin 2010 mai 1GB, aka sauya masa bayanan da ke cikinsa domin ya riƙa gaya wa kwamfuta sunan da ba nasa ba. Shi ya sa yake tafiya lafiya a ƙaramin wasa, da zarar an wuce 1GB ɗin da yake da shi na gaskiya sai ya faɗi. Sashen sauya bidiyon da na saye shi dominsa kuwa babu shi sam a katunan wancan zamanin. N95,000 na biya a kan abin da ko kyauta aka ba ni ba zan saka a kwamfutata ba.

Faifan ya fi yi mini ciwo, domin a kansa na yi iyakar abin da mai hankali zai yi. Bayanan SMART, wato bayanan lafiya da awannin aiki da faifai ke ajiyewa a cikinsa, waɗanda CrystalDiskInfo take karantawa, ana iya goge su a mayar da awannin aiki kusan sifili. Amma irin waɗannan faifan na Seagate suna da wani kundi na biyu da ake kira FARM, wanda manhajar smartctl take iya karantawa tun daga siga ta 7.4, kuma ta wannan hanyar ce aka bankaɗo a Jamus a farkon 2025 cewa ana sayar da tsofaffin faifai a matsayin sababbi. Na duba nawa. Awa 27,400 da 'yan kai, wato fiye da shekara uku yana juyawa dare da rana a wani wuri kafin a goge shi a saka a sabuwar leda. Awa 14 ya nuna mini a shago. Kuma na riga na kwashe hotunan auren ƙanwata da na marigayi mahaifinmu na zuba a ciki, na goge su daga tsohon faifan domin in samu wuri. Na yi sa'a na dawo da su kafin ya fara wannan ƙarar ƙas-ƙas da yake yi yanzu. Wannan ba laifin kamfanonin da suka ƙera kayan ba ne, laifin wanda ya sauya musu fuska ya kawo mana Zariya ne.

Asusun da na tura wa kuɗin ma ba nasa ba ne, na wani mai POS ne, wanda ya ce mutumin ya zo ya karɓi tsabar kuɗi bayan minti ashirin. Na ga sunan ya bambanta tun a lokacin, mai kayan ya ce na yayansa ne, nasa yana da matsala. Wannan ma na gani na wuce. Maiɗakina ta san an cuce ni, amma har yanzu ban iya gaya mata cewa N235,000 ne ba.

Idan kun ga 1050 Ti mai ramin VGA, ku ajiye shi ku tafi. Ku je da GPU-Z a filashinku, ku duba FARM ba SMART kaɗai ba, kuma kada ku tura kuɗi zuwa sunan da ba na mai kayan ba.

Ina da hotunan hirarmu tun daga ranar RAM, da rasit ɗin turawa, da hoton GPU-Z, da na guntun da aka kankare, da na lissafin awannin faifan guda biyu, na SMART da na FARM, gefe da gefe. Zan saka su yau bayan sallar Isha'i in sha Allahu, da zarar na rufe sunan mai POS ɗin, domin ban tabbatar yana da hannu ba kuma ba zan ɗauki alhakinsa ba. Mutum biyu sun riga sun yi mini magana, ɗaya daga Tudun Wada ɗaya daga Hanwa, kuma dukansu da RAM ya fara da su. Duk wanda ya sayi kati ko faifai a kan jar dardumar nan ya turo mini saƙo kafin Juma'a, domin tare za mu kai ƙara.